Wa Ya Rikice, Kai Ko Mai Sauraronka?

Ɗalibai masu shirin WAEC da NECO, akwai bayanau guda biyu na Turanci da kan yi wa mutane tarko wajen rubutun insha'i: "confusedly" da "confusingly". Tushensu ɗaya, wato aikatau "confuse", amma kowanne da inda ya dosa.

Kafin ka ɗora alƙalami, tambayi kanka: wa ya rikice? In mai yin aikin ne kansa ya ɗaure, "confusedly" ake so. Yaro ya farka tsakar dare yana waige-waige, bai san inda yake ba, sai ka rubuta "He looked around confusedly." In kuwa mai aikin garau yake, amma abin da ya yi ne ya ɗaure wa wasu kai, to "confusingly" ce. Malami ya yi bayani a cukurkuɗe har 'yan aji suka tashi ba su tsinci komai ba: "He explained it confusingly." Bahaushe bai kamata wannan ya ba shi wahala ba, tun da ya san bambancin rikicewa da rikitarwa. Mai "-ed" ta wanda ya rikice ce, mai "-ing" ta abin da ke rikitarwa. Haka yake ga "bored" da "boring". Wanda ya ce "I am boring" alhali yana nufin ya gaji da zama, ya faɗa wa jama'a cewa shi ne ke gundurar su.

"Confusingly" tana da wani aikin kuma. Takan zo a farkon jimla, da waƙafi a bayanta, ta yi sharhi kan zancen gaba ɗaya: "Confusingly, Niger is both a country and a state in Nigeria." A Hausa mun huta, ƙasar Nijar daban, jihar Neja daban.

Lura da furuci. "Confused" gaɓa biyu ce, amma "confusedly" huɗu ce, ana fito da "-ed" ɗin fili: kan-fyu-zid-li. Kamar "supposedly" ke nan.

A ganina, "confusedly" ta fi dacewa da rubutun labari. A hira tana da nauyi a baki. In kana shakka a ɗakin jarrabawa, rubuta "in confusion". Ma'anar ɗaya ce, kuma mai duba takarda ba zai rage maka maki ba.