Kar ka haddace zanen oksijin, zana shi da hannunka

Ɗalibin likitanci kan haddace siffar zanukan da ke littafin fiziyoloji, ranar jarrabawa malami ya ɗan murɗa tambaya, sai kai ya ɗaure. Shawarata, ɗauki zane guda ka san shi ciki da waje. Fara da wanda ke nuna yadda himoglobin ke kama oksijin da yadda yake sakinta.

Duba gefunan tukuna. Layin kwance matsin oksijin ne a jini, da ma'aunin mmHg. Na tsaye kuwa kason himoglobin da ya ɗauki oksijin. Samo farar takarda ka ɗiga ɗigo huɗu: a matsi 100, wajen kashi 97, a 60, kashi 90, a 40, kashi 75, wato jinin da ke dawowa zuciya, a wajen 27, rabi. Haɗa su, siffar harafin S za ta fito.

Ɗigon 60 ɗin nan shi ne abin lura. Sama da shi layin a shimfiɗe yake, matsi zai iya sauka daga 100 zuwa 80 na'urar da ake maƙala wa yatsa ba ta nuna wani canji na a zo a gani ba. Ƙasa da shi gangara ce. Shi ya sa idan ta nuna 90 ba a zama, majinyacin yana bakin rami.

Karkatar layin ma ba ta buƙatar hadda. Tuna tsokar mai gudu: ta yi zafi, ta tara kabon dayoksaid, jininta ya ƙara tsami, tana neman oksijin. Duk waɗannan suna tura layin dama, himoglobin ya saki abin da ya riƙe. Tasirin kabon dayoksaid ɗin Christian Bohr da abokan aikinsa suka bayyana shi a 1904. Himoglobin ɗin ɗan tayi hagu yake karkata, don ya janyo oksijin daga jinin uwa. Na mai sikila, wanda za ka riƙa gani kullum a asibitocinmu, dama yake yi.

Wani abu da ake yawan mantawa: zanen kaso yake nunawa, ba yawa ba. Mace mai tsananin ƙarancin jini za ta iya nuna 98 alhali jikinta na yunwar oksijin.

Idan wannan ya zauna, ka bi zanen Frank-Starling na zuciya ta wannan hanyar. Rufe littafin, ka zana, ka bayyana wa abokin karatunka da baki. Inda ka tsaya inda-inda, nan za ka koma ka sake karantawa.