Fulogin Janareta da Hayaƙin da Ke Kashe Masu Barci

Jama'a, kusan kowace damina sai an ji labarin gidan da aka wayi gari aka tarar da miji da mata da 'ya'ya babu rai, ga janareta a zaure ko a bakin ɗaki. Tsoron ɓarawo da ruwan sama ne ya sa aka shigo da shi. Illar hayaƙin nan tana cikin dalilan da hukumar kwastan ta Najeriya ta bayar a 2015, sa'ad da ta sanar da hana shigo da ƙananan janareta. Amma har yau suna nan a gidajenmu da shagunanmu.

A kan injin akwai fulogi, shi ke ba da tartsatsin da ke kunna fetur. Ku dubi uwargida ranar da ta sami busasshen itace: wuta ta kama bal-bal, tuwo ya nuna da wuri. Ranar da aka kawo mata ɗanye kuwa, sai fifita da hure-hure, ido na hawaye, tukunya ta yi baƙi ƙirin, itace ya ƙare abinci bai dahu ba. Haka injin da fuloginsa ya yi dauɗa yake. A yi ta jan igiya har kafaɗa ta sage, in ya tashi ya riƙa tari, ya sha mai, ya turnuƙe gida.

To, kada wani ya ce ai ya sa sabon fulogi, hayaƙi ya ɗauke, ya tsira. Gubar da ke kisa, wato kabon monoksaid, ba ta da launi, ba ta da wari, kuma lafiyayyen inji ma yana fitar da ita. Tana shiga jini ta hana shi ɗaukar iskar da ke raya jiki. Mai ido biyu zai ji ciwon kai da jiri da tashin zuciya. Mai barci kuwa yana iya mutuwa bai farka ba. Haba maigida! Iyali amana ne da Allah zai tambaye ka. Ka tsare inji, ka sallama ran 'ya'yanka, sa'an nan ka ce ƙaddara? Wannan sakaci ne. A yi wa inji rumfa a waje, nesa da taga da ƙofa, a ɗaure shi da sarƙa.

Kula da fulogi kuwa ba wuya. A kashe inji ya huce, a kwance fulogin da sifana, a goge da burushin waya. A daina zuba masa fetur ana cinna ashana, gobara ake saye. Bakinsa in ya yi ruwan ƙasa, lafiya lau; in ya yi baƙi, a duba matatar iska, musamman da ƙurar hunturu, ko kuwa baƙin mai ya yi yawa a fetur. Injinan Honda na ban ruwa da markaɗe suna son tazarar bakin fulogi ta zama milimita 0.7 zuwa 0.8, a duba bayan awa 100 na aiki, a sauya bayan 300. Wajen mayarwa a fara murɗawa da hannu kafin sifana.