Hanyar Monsal ba ta kai Buxton ba

Ɗan ƙanwata da ke karatu a Sheffield ya tambaye ni inda zai je sassarfa ranar Asabar, wai ya gaji da zagaya filin unguwa. Na ce masa Monsal, a gandun Peak District na Ingila, amma kada ya ɗaura kambas sai ya ji ƙarshen magana.

Tsohon layin dogo ne na kamfanin Midland da ya haɗa Manchesta da Landan. An rufe shi a 1968, aka cire ƙarafan, aka buɗe shi ga masu ƙafa, keke da doki a 1981. Tsawonsa kusan kilomita 14, daga gefen garin Bakewell zuwa wani wuri da ake kira Blackwell Mill. Da yake jirgin ƙasa ba ya son hawa, hanyar shimfiɗaɗɗiya ce, an daddaɓe ta da tsakuwa, gwiwa ba ta wahala.

Ga inda gizo ke saƙar. Wanda ya ji an ce layin dogo sai ya ɗauka daga gari ya tashi, a gari zai sauka. A taswira kuma Buxton na nan kusa da ƙarshen hanyar, ga tashar jirgin da ke zuwa Manchesta. Sai mutum ya tsara cewa zai fara daga Bakewell, ya ƙare a Buxton, ya hau jirgi. Haka muka tsara da wani abokina. Muka isa Blackwell Mill a jiƙe da gumi, hanya ta ƙare a cikin kwari, ba gari, ba tasha, sai ƴan gidajen ma'aikatan jirgi na dā da wurin hayar keke. Buxton na gaba da kusan kilomita 5, abin da ya rage kuwa titin A6 ne, matsattse, mai kwana-kwana, galibinsa babu gefen masu tafiya a ƙasa, ga manyan motocin ɗaukar dutse daga wuraren fasa dutsen yankin. Direbobinsu ba sa tsammanin ganin mutum da gajeren wando a bayan kwana, ban kuma ga laifinsu ba. Bas na bi ta wurin, amma ba a kai a kai ba. Muka tsaya bakin titi gumi na bushewa, sanyi na ratsa ƙashi, abokina na ta lissafin kuɗin tasi da naira.

Saboda haka ka je ka dawo. Ka fara daga Bakewell: tafiyar hawa ce a hankali wadda ido ba ya gani sai cinya ta faɗa maka, dawowar kuma gangara ce, lokacin da ka fi buƙatarta. Mai matsakaicin ƙarfi ya juya a gadar Headstone, tsakanin kilomita 5 da 6 daga Bakewell. Kana fitowa daga ramin da hanyar ta ratsa ta cikin dutse sai ka gan ka a kan gadar da aka gina a 1863, kogin Wye na can ƙasa. Marubuci John Ruskin ya yi ta faɗa a zamaninsa cewa layin ya ɓata kwarin. Yau gadar ce kowa ke zuwa ɗaukar hoto. Mai sauran numfashi ya ƙarasa tsohuwar tashar Millers Dale, akwai bayan gida da wurin shan shayi, kodayake farashin na ƴan yawon buɗe ido ne.

Sai ramukan da aka huda ta cikin dutse. Manyan guda huɗu, Headstone, Cressbrook, Litton da Chee Tor, sai a 2011 aka buɗe su ga jama'a, kowanne kusan mita 400 zuwa 500. Akwai fitilu, amma da rana kawai suke ci, magariba na yi a kashe. A Disamba kuwa rana na faɗuwa kafin ƙarfe 4, don haka ka fita da hantsi, ka riƙe tocila, ka kuma san inda za ka yi azahar da la'asar, domin kusan manne suke da juna. Cikin ramukan da sanyi ko da bazara, ruwa na ɗiga, masu keke na tahowa ta baya, wasu ba sa ko kaɗa ƙararrawa. Ka bi hagu, ka cire abin kunne.

Bakewell ba ta da jirgi yanzu. Daga Sheffield bas za ka hau. Tsohuwar tashar tana kan tudu a saman garin, ka hau shi da tafiya, kada ka ƙarar da ƙarfinka tun kafin ka ga hanyar.