Malam-Buɗe-Littafi na Tumfafiya

Duk wanda ya bi hanyar Yankwashi zuwa Kazaure ya san tumfafiya, gama ta cika saura da bakin hanya. In ka tsaya kusa da ita da hantsi, sau da yawa za ka ga wani malam-buɗe-littafi mai launin jan ƙasa yana kewaya ta. Bakin fukafukansa baƙi ne da ɗigon fari, na baya kuwa a ƙasashenmu galibi farare ne. Faɗinsa kamar inci 3. Masana suna ce da shi Danaus chrysippus. Linnaeus, mutumin Suwidin, shi ya fara rubuta shi cikin 1758.

Ku lura da tashinsa. Sannu-sannu yake yi, ƙasa-ƙasa, kamar ba shi da abokin gaba. To, me ya hana tsuntsaye su cinye shi?

Asirin yana cikin tumfafiya. Macen takan sa ƙwai ɗaiɗai a jikin ganye. Bayan 'yan kwanaki sai tsutsa ta fito, mai zanen baƙi da fari da rawaya, da ƙahoni siri-siri guda 6. Tana cin ganyen, dafin nonon kuwa ba ya cutar ta, sai dai ya taru a jikinta. Sa'an nan ta rataye kanta, ta zama ƙunshi kore mai ɗigo kamar zinariya. Ya fito da fukafukai, dafin yana nan tare da shi. Tsuntsun da ya haɗiye shi yakan yi amai, ba ya kuwa manta launin nan. Watau adon nasa gargaɗi ne.

Akwai kuma wani iri, Hypolimnas misippus, wanda ba shi da wannan dafi. Namijinsa baƙi ne da fararen tabo, amma macen ta yi kama ƙwarai da namu, saboda haka tsuntsaye suke ƙyale ta.

Malami, kada ka koyar da wannan a allo kaɗai. Sa tsutsa guda a kwalba, rufe da ƙyalle, a riƙa ba ta sabon ganye kullum, yara su rubuta abin da suka gani. Amma kai za ka tsinko ganyen, ka kuwa wanke hannu, domin nonon tumfafiya yana ɓata ido.