Agogo Mai Ƙirga Bugun Zuciya: Amfaninsa Da Iyakarsa

Jama'a, wani sabon kaya ya shigo mana. Duk mai bin hanyar Kano zuwa Gwarzo, ko mai zama a bakin tashar Kabo, ya saba ganin samari da agogo mai baƙin gilashi, wanda in an taɓa fuskarsa sai ya kawo haske. Yana nuna lokaci, yana ƙirga taku, sannan ga ɗan hoton zuciya da lamba a gefe. Daga kasuwar waya ta Farm Centre da titin Beirut ake saro shi. Yanzu har 'ya'yan da ke aiki a Abuja ko Saudiyya sukan aiko wa iyaye da shi, su ce, "Baba, a riƙa ɗaurawa, in zuciya ta sami matsala zai faɗa." An rubuta wannan takarda domin a san inda maganar nan take gaskiya, da inda ta tsaya.

Yadda zuciya ke bugawa

Zuciya ɗaki huɗu gare ta, biyu a sama, biyu a ƙasa. A ɗakin sama na dama akwai wani ɗan gurbi da ke sakin lantarki kaɗan-kaɗan, shi ke ba tsoka umarnin ta matse ta tura jini. Baligi mai lafiya, in yana zaune a natse, zuciyarsa kan buga sau 60 zuwa 100 a minti ɗaya, wato wajen sau 100,000 a kwana guda. Manomi ƙaƙƙarfa ko ɗan ƙwallo, tasa tana iya sauka ƙasa da 60, kuma lafiyarsa lau.

Akwai cutar da lantarkin nan ke hargitsewa, ɗakunan sama su daina matsewa sai karkarwa, bugun ya zo ba tsari: biyu a jere da sauri, a ɗan yi shiru, uku su biyo. Haɗarinta shi ne jini yakan kwanta a lungun zuciya ya daskare. Ran da gudan ya ɓalle ya toshe jijiyar ƙwaƙwalwa, sai a wayi gari mutum ɓarin jikinsa ya shanye, baki ya karkace, a ce iska ce ta buge shi a banɗaki. Mai wannan cuta ya fi wanda ba shi da ita haɗarin shanyewar ɓarin jiki wajen ninki biyar.

Wahalar gano ta ita ce takan zo ta tafi. Dattijo ya kwana gabansa na faɗuwa a Getso, da safe a ɗauki mota, a yi tafiyar wajen kilomita 70 zuwa Kano, a bi layi, a manna masa wayoyi a ƙirji, zanen ya fito daidai. Likita bai ga komai ba, don a lokacin babu abin gani. A wannan gurbin ne agogon ke da amfani na gaske, tunda yana hannu dare da rana.

Ba yau aka fara neman hanyar auna bugun zuciya ba. Willem Einthoven, wani likitan ƙasar Holan da ya sami kyautar Nobel a 1924, shi ya ƙera na'urar zana bugun zuciya, wadda ma'aikatan asibiti ke kira isiji. Tasa ta kai kilo 270, kuma sai majiyyaci ya tsoma hannuwa da ƙafa cikin bokitan ruwan gishiri. Daga baya Norman Holter na Amurka ya yi wadda ake yawo da ita a jiki. A 2018 kamfanin Apple ya sa isiji cikin agogonsa, Samsung da Fitbit suka biyo baya.

Awo iri biyu ne, kada a haɗa su

Juya bayan agogon, za ka ga koren haske yana ƙyaftawa. Hasken nan yana shiga fata. Jini yana shanye koren haske, saboda haka duk sanda zuciya ta turo jini, hasken da ke dawowa sai ya ragu, agogon ya ƙirga ɗaya. Wannan ƙirge ne kawai, kusan kowane agogo yana yi. Isiji kuwa daban yake: sai ka zauna, ka ɗora hannu a cinya ko tebur, ka sa yatsan ɗaya hannun a kan maɓallin ƙarfe na gefen agogon, ka yi tsit na daƙiƙa 30, sannan ya zana layin lantarkin zuciya. Agogon da ba shi da wurin ɗora yatsa, ko me aka rubuta a kwalinsa, ba ya yin isiji. Kuma mai yin ma, layi ɗaya yake zanawa, na asibiti kuwa 12.

An gwada ƙirgen koren hasken. Jami'ar Stanford ta Amurka ta bi mutum 419,297 masu ɗaura agogon Apple, aka buga sakamakon a 2019. Mutum 2,161 ne agogon ya yi wa gargaɗi, wato wajen ɗaya cikin 200. Daga cikinsu 450 suka manna na'urar likita a ƙirji na 'yan kwanaki suka mayar da ita, sai aka tabbatar da cutar hargitsewar bugun a jikin kashi 34 cikin 100. Sauran fa? Wasu tasu ta lafa ne a kwanakin, wasu kuwa agogon ne ya yi kuskure. Ashe agogon maigadi ne: ihunsa ya isa a tashi a duba, amma ba shi zai ce ɓarawo ne ko akuya ba. Kuma shirunsa ba shaidar lafiya ba ne, don ba kowane minti yake dubawa ba. Kamfanin Apple da kansa ya ce agogonsa ba ya gane toshewar jijiyar zuciya, wadda ke kayar da mutum farat ɗaya, kuma isijinsa ba don 'yan ƙasa da shekara 22 aka yi shi ba.

Mu a nan muna da ƙarin dalilin yin hattara. Baƙar fata ma tana shanye koren haske, haka zane mai duhu a wuyan hannu, don haka mai baƙin lalle ta lura. In igiyar ta yi sako-sako, ko kana kan babur a hanya mai gargada, ko kana kaftu a gona, lambar da zai ba ka shirme ce. Ga caji: mai isiji yakan nemi wuta kusan kullum, kuma sai da babbar waya yake aiki sosai. In ya kwana a shagon mai caji, to daren nan bai gadi kowa ba. Wasu ayyukan ma kamfani bai buɗe su a kowace ƙasa ba, sai a tambaya tun kafin a biya kuɗi.

Sai kuma jabu, waɗanda suka cika kasuwa. Mai talla zai rantse maka cewa agogon yana auna hawan jini, yana auna suga. A watan Fabrairun 2024 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta yi gargaɗi cewa ba ta amince da wani agogo ko zobe da ke auna suga ba tare da huda fata ba. Mai ciwon suga da ya rage magani saboda lambar agogo, da ransa yake wasa. Ga gwaji mai sauƙi a gaban mai shago: ƙirga bugunka da yatsa, ka duba na agogon. Tashi ka yi sassarfa, ka sake gwadawa. In naka ya hau, na agogon yana nan yana lilo a saba'in da 'yan kai, ajiye masa kayansa.

Ciwon zuciyar da ya fi damun mu

A ganina, wanda kuɗinsa ba su da yawa, na'urar awon hawan jini mai ɗaurawa a damtse ya kamata ya fara saya, guda ɗaya ta ishi gida duka har maƙwabta. Kusan baligi ɗaya cikin uku a Nijeriya yana da hawan jini, da yawa ba su sani ba, kuma shi ne babban mai gajiyar da zuciya har bugunta ya hargitse. Akwai kuma yaran da ciwon maƙogwaro ke yawan kamawa ba a yi musu magani sosai ba, ya koma ya lalata ƙofofin zuciya, su taso da haki tun suna samari.

Sannan ga masu jego. Tun shekarun 1970 likitocin Zariya suka ba da rahoton yawan matan da zuciyarsu ke raunana bayan haihuwa, suka ɗora zargi a kan wankan jego da kunun kanwa da kwanciya a gado mai wuta. Binciken da Farfesa Kamilu Karaye na Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano ya jagoranta daga baya ya fi karkata ga rama, da talauci, da hawan jini na masu ciki, da ƙarancin sinadarin seleniyam a jiki, ya kuma nuna cutar na samun wajen haihuwa ɗaya cikin 100 a arewa maso yamma. Wannan adadi ba wasa ba ne. Maijegon da ƙafafunta suka kumbura, take haki in ta share ɗaki, ba ta iya kwanciya sai an tara mata matasai, tana tari cikin dare, ba agogo take bukata ba, kuma ba "gajiyar haihuwa" ba ce. A kai ta Babban Asibitin Gwarzo ko asibitin Kabo a ranar. Na'urorin zamani suna da rawar takawa a nan, amma a hannun ma'aikata: a 2024 aka buga wani bincike da asibitin Mayo na Amurka ya yi tare da asibitoci shida na Nijeriya, har da na Malam Aminu Kano, inda abin sauraren ƙirji mai kwamfuta ya gano masu raunin zuciya ninki biyu na waɗanda awon da aka saba ya gano.

Awon da ba a saye

Kowa na iya jin bugunsa. Zauna ka huta minti biyar. Buɗe tafin hannun hagu, ka ɗora manuniya da ɗan tsakiya na dama a wuyan hannu, ƙasan gindin babban yatsa, ka danna a hankali har ka ji motsi. Kada ka sa babban yatsa, shi ma yana da nasa bugun. Ƙirga na minti ɗaya cur, kana lura ko tazarar daidai take. A koya wa yaran makaranta, su riƙa duba kakanninsu.

In bugun ya yi sauri, tuna abin da ya gabata. Zazzaɓi yana sa haka, da ƙarancin jini, da juna biyu, da ƙishirwar azumi a bazara, da ciwon maƙoƙo, da shayi mai ɗaci da goro da lemukan ƙara kuzari, balle ƙwayoyin da wasu samari ke afawa kafin aikin gona. In kuwa agogo ya yi gargaɗi, ko yatsa ya ji rashin tsari fiye da sau ɗaya, rubuta rana da lokaci da abin da kake yi, adana zanen a waya, ka tafi da shi asibiti tare da duk magungunan da kake sha, har na gargajiya. Kada a tsaya a kemis a sayi asfirin ko maganin tsinka jini. Maganin da ke hana jini daskarewa yana iya sa zubar jini, likita ne ke auna wanda ya dace da shi. In an tura ka Asibitin Murtala ko na Malam Aminu Kano don a ɗauki hoton zuciya, ka je.

Amma ciwon ƙirji mai danna mutum yana gumi, ko suma, ko numfashi ya gagara, ko baki ya karkace, hannu ya saki, magana ta sarƙe, waɗannan ba a tsayawa duba agogo, ba a jira gari ya waye. A nemi mota nan take, kuma wanda zai raka majiyyacin ya riƙe lokacin da abin ya fara, don likita zai tambaya.