Yadda ake tuƙa keke a kan tsakuwar tsaunukan Peak District

Wanda ya taɓa tuƙa keke a hanyar burji ya san yadda taya ke ƙara a kan tsakuwa, ya kuma san yadda hannu ke mutuwa idan tafiya ta yi nisa. A tsakiyar Ingila akwai masu barin kwalta da gangan su nemi irin wannan hanya, saboda babu mota a kanta. Yankin Peak District, wanda aka mayar gandun shaƙatawa na ƙasa a 1951, na farko a Birtaniya, yana da tsofaffin layukan dogo da aka ɗebe ƙarafansu aka shimfiɗa niƙaƙƙen dutsen farar ƙasa. Biyu daga cikinsu suna haɗuwa: hanyar Tissington mai kilomita 21, da hanyar High Peak mai kusan kilomita 27. Su za mu bi.

Shiri daga taya yake farawa, kuma a nan mutane suka fi yin kuskure. Keken tsakuwa kamar keken tsere yake a ido, kansa a lanƙwashe ƙasa, sai dai tayarsa ta fi faɗi, milimita 38 zuwa 45, da ƙananan haƙora. Mu da muka saba mai faci ya cika taya har ta zama dutse, sai mu ɗauka hakan ne sauri. A kan tsakuwa kuwa taya mai tauri tsalle take yi, kowane ɗan dutse ya doki keke ya doki ƙugunka, kuma ba ta kama ƙasa a kwana. Mutum mai matsakaicin nauyi ya tsaya wajen awo 30 zuwa 40 a ma'aunin famfo, ta gaba ta ɗan fi ta baya laushi. Danna ta da babban yatsa: ta ɗan lotsa, amma kada ta kwanta. Idan iska ta yi ƙasa da yawa, dutse zai matse tif da bakin ƙarfen wili ya huda shi gida biyu kamar saran maciji. Shi ya sa da yawa suka koma taya marar tif, wadda ake zuba wa wani ruwa mai danƙo da ke toshe ƙaramar huda da kansa tun ana tafiya. Duk da haka ka riƙe tif guda, ɗan famfo, kayan faci da makullan keke. A tsakanin ƙauyukan yankin ba za ka ga rumfar mai gyara a bakin hanya ba.

Sai ruwan sha, ɗan abin taɓawa irin dabino ko gyaɗa, hular kwano, da rigar ruwa mai sauƙi ko da ka ga gari garau. A kan tudun nan hadari ba ya sallama.

Ka tashi daga garin Ashbourne da safe. Hanyar Tissington tana farawa ne ta cikin tsohon ramin jirgin ƙasa, mai sanyi da amsa kuwwa, kana fitowa sai ka fara hawa. Ba a jin hawan a jiki a take, domin injiniyoyin da suka buɗe layin a 1899 sun yi shi ne daidai ƙarfin jirgi, wanda ba ya son tudu mai tsini. Amma daga nan har Parsley Hay kusan hawa ne zalla, kuma wanda ya ɗauki babbar giya da ɗoki zai gane kurensa kafin ya yi rabi. Zaɓi giyar da ƙafa ke juyawa a sauƙaƙe, irin wadda za ka iya hira da abokin tafiya ba tare da haki ba. Sassauta riƙon kan keke, ka ɗan lanƙwasa gwiwar hannu, ka bar keke ya yi rawarsa a ƙarƙashinka. Ido kuma ya tafi can gaba inda kake son bi, don dutsen da ka ƙura wa ido shi za ka taka.

Hanyar ba taka ce kai kaɗai ba. Akwai masu tafiya a ƙasa, yara, karnuka da mahaya dawaki. Ka riƙe hagu, ka kaɗa ƙararrawa tun daga nesa. Doki kam murya ya fi so: yi wa mahayi magana, rage gudu sosai, ka ba shi fili. Ƙofar da ka tarar a rufe ka mayar da ita a rufe, domin tumakin da ke kiwo bayan katangun dutsen nan dukiyar wani ce. Ni a ganina wannan ladabi shi ne kuɗin shiga, kuma ba shi da tsada idan aka kwatanta da yini guda ba hon ba hayaƙi.

A Parsley Hay akwai wurin hayar keke da na shan shayi. Huta, ci wani abu tun yunwa ba ta kama ka ba, sannan ka ɗan dawo baya zuwa mararraba ka ɗauki hanyar High Peak, wadda ta nufi kudu maso gabas. Wannan layi ya girmi na farko nesa ba kusa ba, an gama shi a 1831, a zamanin da dawaki ke jan taragu a inda ƙasa ta miƙe, injin tururi kuma ya ja su da sarƙa a inda ta yi tsini. Saboda haka za ka yi tafiya mai tsawo a shimfiɗe, iska na dukan ka ta gefe, sai kwatsam ka iso bakin gangara.

Gangarar Hopton ce ta farko, mai sauƙi. Ta gaske tana bayan Middleton Top, inda ɗakin injin da aka gina a 1829 yake tsaye har yau: kowane taku takwas gaba, taku ɗaya ƙasa. Kafin ka shiga, rage gudu tun a sama. Riƙe ƙasan kan keke inda yatsu suka fi samun birki, daidaita feda biyu, ɗaga kaɗan daga sirdi ka mayar da nauyi baya. Matsa birki biyu a hankali, ka saki, ka sake matsawa. Idan ka damƙe na gaba lokaci guda taya za ta zame, idan ka kulle na baya keke zai yi ta wutsiya yana kankare hanya. Wanda zuciyarsa ba ta kwanta ba ya sauka ya tura, ba abin kunya ba ne. Gangarar Sheep Pasture na biye, ita ke sauke ka a bakin magudanar ruwan Cromford.

Mai komawa ta inda ya fito zai hau waɗannan gangarori, kuma dabarar ɗaya ce: sauya zuwa ƙaramar giya tun kafin hawan ya kama, ka zauna daram a sirdi. Da zarar ka miƙe tsaye nauyi ya bar tayar baya, sai ta yi ta juyawa a banza tana watsa tsakuwa.

In ka iso gida kada ka jingine keke ka kwanta. Ƙurar farar ƙasa idan ta haɗu da ruwa da man sarƙa kwaɓi take zama, tana cin sarƙa da haƙoran giya kamar an goga musu yashi. Wanke da ruwan bokiti da soso, goge sarƙa da tsumma har ta bushe, ɗiga mai a kowace gaɓa, ka share ragowar. Sannan ka juya kowace taya a hankali, kana duba ko wani ɗan tsinin dutse ya maƙale a cikin roba.