Haƙƙin Tsoho A Kan Baitulmali

Darasin wannan mako ya shafi mutumin da ƙarfinsa ya ƙare, ba shi da albashi, ba shi da fansho, 'ya'ya kuwa ko dai babu, ko kuma su ma da ƙyar suke riƙe da kansu. A wuyan wa cinsa da suturarsa suke?

Malaman fiƙihu sun ɗora ciyar da iyaye matalauta a kan 'ya'yansu masu hali, wannan kuwa sananne ne. Abin da ba a cika karantarwa ba shi ne inda nauyin yake komawa idan dangi suka gaza. Alƙali Abu Yusuf, almajirin Imamu Abu Hanifa, wanda ya rasu a shekara ta 182 bayan Hijira, ya kawo labari a cikin Kitabul Kharaj, littafin da ya rubuta wa Halifa Haruna Rashid a kan sha'anin haraji. Wata rana Sayyidina Umar ɗan Haɗɗabi, Allah Ya yarda da shi, ya iske wani tsoho makaho yana bara a ƙofar wani gida. Da ya tambaye shi, sai ya ji ashe Bayahude ne, kuma jiziya da buƙata da tsufa ne suka fitar da shi roƙo. Sai Umar ya kama hannunsa ya kai shi gidansa, ya ba shi abin da ya sawwaƙa, sa'an nan ya aika wa ma'ajin baitulmali cewa a duba wannan tsoho da ire-irensa, aka kuma ɗauke musu jiziya.

Dalilin da Umar ya bayar shi ne wurin lura. Ya ce ba a yi wa mutum adalci ba idan aka ci amfanin ƙuruciyarsa, aka yar da shi ranar tsufa. Ashe ke nan bashi ne a kan hukuma, ba alfarma ba. Wanda aka yi wa hukuncin ma ba Musulmi ba ne. Tun kafin haka, a zamanin Sayyidina Abubakar, shekara ta 12 bayan Hijira, Halidu ɗan Walidu ya sanya a yarjejeniyarsa da mutanen Hira cewa duk tsohon da ya kasa aiki za a sauke masa jiziya, a ciyar da shi da iyalinsa daga baitulmalin Musulmi. Daga baya Umar ɗan Abdul'aziz ya aika wa gwamnansa na Basra umarni irin wannan.

Masana tattalin arziki na wannan zamani suna kiran irin wannan tsari fanshon tsufa: kuɗi ne da gwamnati take biyan tsoho wata-wata daga haraji, ko da bai taɓa ɗaukar albashi ba. Botsuwana ta soma nata a 1996, Lesoto a 2004. Zanzibar, tsibirin da galibin mutanensa Musulmi ne, ta soma a 2016, tana ba duk wanda ya kai shekara 70 shilin 20,000 a wata a lokacin da aka fara. Kuɗin ba su da yawa, amma ba sa tsayawa a hannun tsohon kaɗai. A Afirka ta Kudu, binciken da masaniya Esther Duflo ta wallafa a 2003 ya nuna cewa idan kaka mace ce take karɓar fanshon, jikokinta mata da ke gidan sukan ƙaru da nauyi da tsawo.

A Nijeriya kuwa, dokar fansho ta 2004, wadda aka sabunta a 2014, an gina ta ne a kan abin da ake cirewa daga albashi. Manomin da ya shekara hamsin yana duƙe a gona, da tsohuwar da ta ƙare rayuwarta a kan ƙuli-ƙuli, ba su da wata ajiya a can. Jihar Ekiti ta gwada biyan tsofaffi matalauta masu shekara 65 zuwa sama Naira 5,000 a wata tun daga 2011, sai dai irin wannan shiri a ƙasar nan yakan tafi da gwamnatin da ta kawo shi.

Wani zai ce ai akwai zakka. Gaskiya ne, tsoho matalauci yana cikin masu cin zakka, amma ita sau ɗaya take fita a shekara, ko lokacin girbi, yunwa kuwa kullum take sallama. Abin da Umar ya kafa dabam ne: diwani, wato kundin sunaye, da rabo ƙayyadadde, da ma'ajin da za a tuhuma idan rabon bai isa ba. Aikin farko a kan kowace hukumar zakka ko ƙaramar hukuma da take son bin wannan sawu shi ne ƙidayar tsofaffin kowace unguwa, tare da shaidar mai unguwa da liman, tunda yawancinsu ba su da takardar haihuwa.